Allura Ba Ta Tare Harsashi, Amma Ba Zan Ajiye Ta Ba

Akwai zargin da ake yi wa mai aikin hannu a lokacin tashin hankali, ko a faɗa mata a fuska ko a yi da ita a bayan ido: wai ana kashe mutane a bayan gidanki, ke kuwa kin miƙe ƙafa kina haɗa ƙyallaye. Na ji wannan magana daga bakin yayana da ke Kano, na kuma ji ta daga wata yarinya 'yar gwagwarmaya a nan birnin Buffalo na jihar New York, inda aure da aiki suka ajiye ni. Su biyun masu ƙaunata ne, kuma akwai gaskiya a wani ɓangare na abin da suka faɗa. Amma a kan gundarin maganar ban yarda da su ba. Ina son in faɗi dalilina a fili, domin na san a Zamfara da Katsina da Borno akwai matan da ake yi wa irin wannan kallo.

Ranar Asabar 14 ga Mayu, 2022, bayan azahar, wani saurayi farar fata ɗan shekara 18 ya tuƙo mota tafiyar kusan mil 200 daga garinsu Conklin, ya tsaya a gaban kantin Tops da ke titin Jefferson, ya buɗe wuta. Ya kashe mutum 10, dukansu baƙar fata, ya raunata 3. Yana sanye da rigar sulke da hular kwano mai kyamara, yana watsa abin kai tsaye a intanet. Cikin mamatan akwai tsohuwa 'yar shekara 86 da ta biyo kantin bayan ta dubo mijinta a gidan jinya. Akwai mai gadin kantin, tsohon ɗan sanda, wanda ya harbi maharin amma harsashin bai ratsa sulken ba. Akwai wata dattijuwa 'yar shekara 72 da shekara guda kafin nan ta rubuta wa jaridar garin wasiƙa tana roƙon gwamnatin tarayya ta tsaurara dokar mallakar bindiga. Ba da ka ya zaɓi wurin ba. Zama ya yi ya binciko unguwar da baƙaƙe suka fi yawa cikin waɗanda mota za ta iya kai shi, ya zo ya zaga kantin tun kafin ranar.

Daga ƙofar gidanmu zuwa kantin nan tafiyar ƙafa ce. Shi kaɗai ne babban kantin abinci a yankin, kuma sai da mutanen unguwa suka yi shekaru suna fafutuka kafin a buɗe shi a 2003. Can nake sayen madara da albasa da burodin yara. Ranar ina gida ina guga, na ji jiniya ta ƙi ƙarewa, sai jirgi mai saukar ungulu a saman rufinmu, sai waya ta soma ruri.

Tsoro irin wannan a jiki yake tarewa. Ko ƙofar mota aka rufe da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Duk kantin da na shiga, kafin in dubi farashi sai na nemi inda ƙofar baya take. Kwana goma bayan namu, ranar 24 ga Mayu, aka kashe yara 19 da malamai 2 a wata firamare a Uvalde ta jihar Texas, washegari na raka 'yata har bakin aji na kasa juyowa. Ga shi a makarantun nan ana yi wa yara atisayen ɓuya: a kashe fitila, a kulle ƙofa, a lafe a lungu, ko tari kada a yi. Daren bikin 4 ga Yuli da gari ya ɗauki ƙarar wasan wuta, ban runtsa ba.

Aikin da ake zargina a kansa bargo ne mai hawa uku. Sama akwai fuska, wato guntayen ƙyalle da aka yanka murabba'i ko mai kusurwa uku aka harhaɗa. Tsakiya shimfiɗaɗɗiyar auduga, ƙasa kuma shafi. Sai a bi da allura a ratsa ukun gaba ɗaya da ƙananan ɗinki a jere, don kada audugar ta dunƙule in an wanke. Kwatar inci ake bari a gefen kowane ƙyalle, in kika kuskure da kaurin zare biyu a kowanne, kafin ki kai ƙarshen layi kusurwoyi sun ƙi haɗuwa. Ƙullin zaren ma ba a barinsa a waje, ja ake yi da ɗan ƙarfi har ya yi ƙis ya nutse cikin audugar. Na koyi aikin a wajen wasu dattawan mata baƙaƙen Amurka da ke taruwa duk Alhamis a ɗakin ƙasa na wani coci. Maƙwabciyata ce ta ja ni da ta ga tarin guntayen atamfa da shadda da nake kwasowa daga wajen tela duk in na je gida. Ni kaɗai ce mai hijabi a cikinsu, kuma in la'asar ta yi su da kansu suke matsar da kujeru in samu wurin salla.

Alhamis ta farko bayan harin ban yi niyyar fita ba. Shugabarmu, wadda ta haura tamanin kuma ta san wasu cikin mamatan tun ƙuruciya, ta bugo mini waya. Ta ce, "'Yata, idanunmu sun gaji, babu mai zura mana zare. Ki zo." Na ce, "Mama, hannuna rawa yake yi." Ta ce, "Namu ma haka. Ke dai ki zo."

Allurar wannan aiki gajeriya ce, da kaɗan ta wuce inci guda, kafarta kuma 'yar mitsitsiya. Mai rawar hannu sai ta kafa gwiwoyin hannunta a kan tebur, ta jingina hannayen biyu da juna, ta lashi bakin zaren, ta matse shi tsakanin yatsu har sai ɗan tsininsa kawai ake gani, ta riƙe numfashi, sannan ta kawo allurar wajen zaren. Da haki ba ya yiwuwa, ko kusa. Na yi ta zurawa ina soka su a jere a jikin ɗan matashin allura, kuma a nan ne na fara jan numfashi har ƙasan ciki tun ranar Asabar. Da farko ba mai magana, sai ƙarar almakashi. Can wata ta soma ba da labarin yadda ɗaya daga cikin mamatan ta yi shekaru tana raba wa mabuƙata abinci duk Asabar. Aka yi kuka sosai, allurai kuma ba su tsaya ba.

Da na ba Yaya wannan labari a waya, sai ya ce, "Ke yanzu fisabilillahi ɗinki ne a gabanki? Ki tattara yaran nan ku dawo gida." Na ce, "Yaya, ai gidan ma bai tsira ba." A lokacin ko wata biyu ba a yi ba da harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris, fasinjoji da dama suna hannun 'yan bindiga a daji. Ya yi shiru, muka yi wa juna addu'a. Amma ga abin da nake so shi da masu ra'ayinsa su tuna. In aka yi rasuwa a unguwarmu a Kano, kafin a gama wanka za ka tarar da dattawa a zaure da farin alawayyo da allura suna ɗinka likkafani. A cikin gida mata na tsince shinkafa, ana hura wuta, ana ɗora tukunya saboda masu zuwa gaisuwa. Ba wanda ya taɓa cewa mai ɗinka likkafani ba shi da tausayi. Kakata da mazari a hannu ta yi takabarta, tana kaɗi tana hawaye. Mutanenmu sun daɗe da sanin cewa baƙin ciki in ya tarar da hannu a sake, cinye mai shi yake yi.

Za a ce ai likkafani dole ne, bargo kuwa sha'awa ce. Haka ne, kuma sha'awar nake karewa. Bargon da zai rufe gado, in da hannu za a yi shi, watanni yake ci. Wadda ta shimfiɗa yadi a watan Mayu ta sa almakashi, ta ɗauka a ranta cewa in Allah Ya kai rai tana nan a wannan unguwa lokacin da sanyi zai sauko. Wadda ta tsaya tana auna ko shuɗin nan zai zauna kusa da ruwan ɗorawa, zuciyarta ta koma lissafin wani abu da ya wuce tsira daga yau. Wannan lissafi shi tsoro yake fara ƙwacewa, kuma shi maharin ya zo ƙwacewa. Mutum goma ya kashe, amma abin da yake so shi ne dubban da suka rage su ji ba su da wurin zama, tsofaffi su kulle kansu a ɗaki, masu hali su tashi, titin Jefferson ya zama kufai. Duk Alhamis ɗin da matan nan suka saka takalmi suka fito suka sauka matakalar cocin nan da jakar ƙyallayensu, sun hana shi abin da ya zo nema.

Yarinyar da na ambata ta fi Yaya zafi. Ta ce mini, "Anti, bargo bai taɓa sauya doka ba." A kan abu ɗaya ina tare da ita ɗari bisa ɗari: allura ba ta tare harsashi. Mu Hausawa mun riga kowa sanin haka. Lifidin da barade ke sa wa kansu da dawakansu, wanda Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo shi, shi ma yadi ne da auduga a tsakiya aka bi da allura. Ya tare kibiya da mashi shekaru ɗaruruwa. Da sojojin Lugga suka iso Kano da Sakkwato a 1903 da bindiga mai aman harsashi, bai tsare kowa ba.

Alƙaluman ƙasar nan sun fi ƙarfin kowane tebur na ɗinki. Hukumar kula da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙirga mutum 48,830 da bindiga ta kashe a 2021, fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Tun 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta kiyasta a 2018 cewa fararen hula a Amurka na riƙe da bindigogi miliyan 393, sun fi mutanen ƙasar yawa. Maharin Buffalo a shago ya sayi bindigarsa bisa doka, alhali shekara guda kafin nan 'yan sanda sun kai shi asibiti a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa saboda barazanar da ya yi a makaranta. Bayan jinin da aka zubar, ranar 6 ga Yuni, 2022 Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a dokar da ta ɗaga shekarun sayen irin wannan bindiga daga 18 zuwa 21 a jihar. Ranar 25 ga Yuni Shugaba Biden ya sa hannu a babbar dokar bindiga ta tarayya ta farko cikin kusan shekara 30. Amma kwana biyu kafin nan Kotun Ƙoli ta soke wata dokar New York mai fiye da shekara ɗari da ta taƙaita yawo da ƙaramar bindiga a bainar jama'a. A Fabrairun 2023 aka yanke wa maharin ɗaurin rai da rai. Bindigogin suna nan.

Shi ya sa nake jin zafin masu tallar aikin hannu kamar maganin barci, masu cewa kashe labarai, sayi yadi, ki kula da kanki kawai. Gaskiya ne aikin yana kwantar da hankali. A 2012 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Glasgow sun wallafa hirar da suka yi da mutum 29 masu wannan ɗinki, waɗanda suka ce launuka da tattara hankali wuri ɗaya da zama cikin jama'a suna sauƙaƙa musu damuwa. Na yarda, domin na gani a jikina. Amma natsuwar da za ta sa mace ta rufe labule ta manta da maƙwabciyarta, ba ita nake karewa ba.

Inda na rabu da yarinyar shi ne cewa da ta yi bargo da gwagwarmaya ba sa haɗa hanya. Tarihin kakanninta baƙaƙen Amurka ya ƙaryata ta. A jihar Alabama akwai wani ƙauye, Gee's Bend, da kogi ya kewaye ta gefe uku. Mutanensa jikokin bayin gonar auduga ne, da yawansu har yau suna ɗauke da sunan Pettway, sunan ubangidan kakanninsu. Matan ƙauyen sun yi ta ɗinka barguna da tsofaffin wanduna da buhunan abinci saboda gidajensu na katako ba sa riƙe ɗumi. A 1942 wata mai suna Missouri Pettway ta yayyanka kayan aikin gonar mijinta da ya rasu ta yi bargon da za ta riƙa rufa da shi, kuma bargon yana nan har yau ana nuna shi. A 1962, da mutanen ƙauyen suka fara tsallake kogi zuwa garin Camden don yin rajistar zaɓe, hukuma ta dakatar da jirgin fito, ba a maido da shi ba sai 2006. Martin Luther King ya ziyarce su a 1965. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna Freedom Quilting Bee, suna sayar da barguna har New York, a daidai lokacin da ake korar baƙaƙe daga gonakin haya da wuraren aiki saboda sun yi rajista. Da aka harbe King a 1968, alfadarai biyu daga Gee's Bend ne suka ja keken gawarsa a Atlanta. Matan da suka yi tattaki su ne dai matan da suka yi ɗinki.

Namu teburin ƙarami ne, amma ga abin da na gani a kansa. Wata biyu kantin ya yi a rufe, sai 15 ga Yuli aka sake buɗe shi, kuma tsofaffi da yawa a unguwar ba su da mota. A bakin ɗinki aka tsara wa zai kai wa sayen abinci a wata unguwa. A nan ake tambayar wace ce ba a gani a waje ba tun ranar, a tura mutum ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. A nan aka rubuta wasiƙu ga 'yan majalisa, kowa ta sa hannu. Da a ce taron siyasa aka kira, rabin matan nan ba za su iya fitowa ba a makonnin farko. Zare da allura ne suka fito da su, sauran ya biyo baya.

A cikin waɗannan makonni ne wata daga cikinmu ta zo da wata leda da ta yi shekaru ba ta buɗe ba. Rigunan jikanta ne, wanda aka harbe a bakin titi, irin kisan da ba ya kaiwa ga talabijin na ƙasa, wanda kuma shi ya fi yawa a unguwanni irin tamu. Rigunan masu miƙewa ne, sai an manna musu wani siririn yadi ta baya da dutsen guga kafin su yanku daidai. Ta kasa sa musu almakashi, ta miƙo mini. Abu ɗaya ta roƙa: wata riga mai aljihu a ƙirji, a bar aljihun a buɗe yadda hannunta zai iya shiga. Muka yanka murabba'in ya kewaye aljihun, muka karkatar da layin ɗinki don kada ya rufe bakinsa. Duk wanda ya ce wannan aiki gudun gaskiya ne, bai zauna da mu ranar ba. Akwai ma ƙungiyar da wata matashiya, Sara Trail, ta kafa a California a 2017, Social Justice Sewing Academy, wadda masu aikin sa kai ke ɗinka wa iyalan waɗanda aka kashe irin waɗannan barguna.

Sannan bargo bargo ne. A ƙarshen Disambar 2022 guguwar dusar ƙanƙara ta rufe Buffalo kwanaki, wuta ta ɗauke a dubban gidaje, fiye da mutum 40 suka rasu a yankin, wasu cikin motocinsu, wasu cikin ɗakunansu. Bargunan da muka ɗinka da rawar hannu a lokacin zafi, ƙarƙashinsu yara da tsofaffi suka kwana.

Ba zan haɗa halin da nake ciki da na matan Bama ba. Ni ina da albashi, ɗinkina na sha'awa ne. Su kuwa da Boko Haram ta kama garinsu a Satumban 2014, suka taka zuwa Maiduguri, da yawansu ba su fito da komai ba sai sana'ar da ke yatsunsu. A sansanoni irin na Dalori suka zauna a inuwar tanti suna ɗinka hular Bama, wadda guda ɗaya mai kyau ke cin makonni. Hular da manya ke kafawa a taron Abuja, sau da yawa daga hannun matar da ta ga an kashe mijinta ta fito. Na tabbata banda abincin da hular ke kawo mata, zaman da take yi da 'yan'uwanta suna ƙirga zare yana riƙe mata hankali, kamar yadda ya riƙe nawa. Ƙungiyoyin agaji da gwamnatocin jihohi da ke kai shinkafa sansanoni a Borno da Zamfara da Katsina su riƙa haɗawa da zare da allura da yadi, su kuma tanadi rumfa mai inuwa da tsaro inda mata za su zauna tare. Kuɗinsa kaɗan ne in aka gwada da sauran abin da ake kashewa. Kai kuma mai sayen hular salla, ka tambayi dillali wa ya ɗinka ta da nawa ya kai hannunta, in kuma Allah Ya haɗa ka da mai ɗinkin kanta, ka biya abin da ta faɗa ba tare da ka taya ba.